Baƙaƙe Masu Ƙugiya a Teburin Mai Ƙirƙirar Manhaja

Matashin da ya zauna a Birnin Kudu ko Gwaram domin ya tsara wa makaranta ko asibitin karkara manhajar ajiye sunaye, yawanci da editan Visual Studio Code yake aiki, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a shekarar 2015. Farin jinin editan ya samo asali ne daga ƙananan manhajojin ƙari da ake liƙa masa. Wata tana daidaita sahun umarni, kamar Prettier, wata tana tono kuskure tun kafin a gwada aikin, kamar ESLint, wata kuma tana duba ƙa'idar rubutun kalmomi. Suna rage wahala ƙwarai, amma kusan dukkansu da ma'aunin Ingilishi aka yanka su, kuma a nan ne lamarin ya shafi masana Hausa.

A ɗauki jeranta sunaye. A tsarin Unicode, Ɓ da Ɗ da Ƙ suna da lambobin da suka zo bayan Z. Saboda haka idan aka bar kwamfuta ta jera sunayen ɗalibai bisa lambobin baƙaƙe kawai, Ƙasimu zai koma bayan Zubairu, Ɗanladi ya bi shi can. Ma'aikaci ya duba ƙarƙashin K bai ga mutum ba, sai ya buɗe masa sabon kati. Maganin yana nan, domin rumbun CLDR na ƙungiyar Unicode ya tanadi jerin baƙaƙen Hausa, sai dai editan ba zai tuna wa matashin ya kira shi ba.

Alhamza ta fi wannan ɓarna. Alamar da ke cikin Sa'adatu da Isma'ila da 'ya'ya ita ce kuma alamar da harsunan kwamfuta da dama, irin su SQL, suke rufe zance da ita, don haka suna guda yakan karya umarni in ba a yi hattara ba. Ga kuma bambancin 'y na Nijeriya da ƴ na Nijar, wanda kan raba kalma ɗaya gida biyu wajen bincike. Tun ƙarshen 2021 ma, editan kan zagaye duk baƙin da ya fita daga na Ingilishi da ɗan akwatin gargaɗi a fayilolin da ba a amince da su ba. An yi haka ne don tsaro, amma ƙ da ɗ sun faɗa cikin abin zargi. Da yawa sai su zaɓi hanya mai sauƙi su zubar da ƙugiyar, baƙi su zama baki, ƙafa ta koma kafa.

Ana iya cewa wannan aikin masu kimiyyar kwamfuta ne, kuma akwai gaskiya a ciki. To amma rubuta manhajar ƙarin ba shi ne mai wuya ba. Ɗalibin da ya ƙware a Jami'ar Tarayya ta Dutse zai iya. Abin da ba ya hannunsa shi ne ingantaccen jerin kalmomi tare da dokokin jam'i da jinsi da gira-giran aikatau, a sigar da masu duba rubutu irin su Hunspell suke karantawa. Wannan kuwa yana hannun sassan Hausa. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 taska ce, amma an tsara su ne domin idon mai karatu.

Ya dace, ke nan, sassan Hausa su karɓi haɗa irin wannan jeri a matsayin aikin digiri na biyu, malamin Hausa da na kwamfuta su duba shi tare, a sake shi da lasisin da ya ba kowa damar amfani da shi. A fara da sunayen mutane da na garuruwa da unguwanni, tunda su ne ake shigarwa kullum a rajistar makarantu da asibitoci.