Boisguilbert: Alƙalin da Ya Riga Adam Smith Fara Shuka

Duk ɗalibin da ya buɗe littafin tarihin ilimin tattalin arziki, sunan da yakan fara cin karo da shi shi ne na Adam Smith, tare da littafinsa na 1776 a kan arzikin ƙasashe. Wannan al'ada ta danne haƙƙin wani Bafaranshe, Pierre de Boisguilbert, wanda littafinsa na farko a wannan fanni ya riga na Smith fitowa da shekara 81.

An haifi Boisguilbert a birnin Rouen a 1646, a can kuma ya rasu a 1714. Alƙali ne, kuma aikin shari'a ya nuna masa halin da talakawan lardin Normandi suke ciki a zamanin Sarki Louis na 14, wanda yaƙe-yaƙensa suka ƙwalƙwale baitulmali. Bayan yunwar 1693 da 1694, ya fitar da Le Détail de la France a 1695, yana neman dalilin da ya sa ƙasa mai albarkar noma ta talauce.

Masu mulki a lokacin, bisa tafarkin minista Colbert, sun ɗauki tarin zinariya da azurfa a matsayin arziki, suna kuma tauye fitar da hatsi waje domin burodi ya yi araha a birane. Boisguilbert ya ƙi wannan. A wurinsa kuɗi bara ne na ciniki, arziki kuwa shi ne abin da ake nomawa, ake ƙerawa, ake ci. Idan aka karya farashin alkama, manomi zai bar gonar da ba ta mayar masa da abin da ya kashe. Daga nan ya kasa biyan mai ƙasa, mai ƙasa ya daina sayen kayan maƙeri da na tela, su ma su kasa sayen abinci. Arahar bana ita ke haifar da yunwar baɗi. Abin da ya hango shi ne, kuɗin da wani ya kashe shi ne samun wani, kuma sana'o'i duka a ɗaure suke da juna.

Haka ya yi wa haraji filla-filla. Babban harajin ƙasa, wanda ake kira taille, bai hau kan ƴan sarauta da manyan coci ba, talaka ne ke ɗauke da shi, kuma yadda masu yankawa suka ga dama suke yanka shi. Saboda haka manomi yakan ji tsoron ƙara dabbobi ko gyara gida, kada a ce ya samu, a ƙara masa. Boisguilbert ya nuna cewa tsaba a hannun talaka takan zaga hannaye da yawa cikin ƴan kwanaki, ta mai kuɗi kuwa takan yi watanni kwance a akwati. Wanda ya tatse talaka, kasuwar ƙasa baki ɗaya ya tatse. Maganin da ya kawo shi ne haraji daidai da samun kowa, da sakar wa cinikin hatsi mara.

Faɗar gaskiya ta jawo masa. A 1707 hukuma ta haramta littafinsa Factum de la France, aka kore shi zuwa yankin Auvergne na wani ɗan lokaci.

Masu mayar da shi baya suna da tasu hujjar. Rubutunsa yana da maimaici da zafin rai, da'awarsa cewa samun Faransa ya ragu da rabi tun 1660 ba ta da alƙaluman da za su tsaya mata, Voltaire kuma ya yi masa ba'a. Sai dai munin alƙalami ba ya soke ingancin tunani. Zagayawar samu tsakanin rukunonin jama'a da François Quesnay ya zana a 1758 tana da saiwa a aikin Boisguilbert, Smith kuma ya zauna da Quesnay a Paris kafin ya kammala littafinsa. Karl Marx ma, a 1859, ya ce ilimin tattalin arziki na mazan jiya ya faro ne daga William Petty a Ingila da Boisguilbert a Faransa.

Ya kamata a maido shi babin farko na wannan tarihi. Ɗalibin da ya fara karatu daga gare shi zai gane cewa fannin ya tsiro ne daga tambayar da har yau take gaban kowace hukuma: me zai sami ƙasa idan manominta ya kasa cin moriyar guminsa?