Daga Bakin Tasha: Kishiyar Ƙarfe

  

Maganar yau mata ne suka ɗora min ita. Koke iri ɗaya ya iso min ta baki fiye da ɗaya, daga nan Duwala har daga Kano: maigida ya yi amarya, amma ba 'yar mutum ba. Ƙafa huɗu gare ta, fetur take sha, sadakinta kuma ba ya ƙarewa. Wata baiwar Allah cewa ta yi, "Baba Alhaji, da mace ya auro da na san yadda zan yi da ita, ko ba komai za mu raba kwana. Wannan kuwa ba ta da ranar girki, kullum ranarta ce."

Wasan mota take nufi. Matashin magidanci ya samu tsohuwar mota mai ƙarfi, galibi BMW irin mai ja da baya, ya kai ta gareji a taɓa injin, a sauya taya, ran Lahadi ya haɗu da abokai a yi tsere, ko a yi ta juya mota a wuri ɗaya har taya ta yi hayaƙi, jama'a na ihu, waya na ɗauka. A Kano da Kaduna da Abuja abin ya daɗe da zama sananne, hotunansa kuma suna shigowa wayoyin yaranmu dare da rana. Mu nan kuwa kamar an kawo wa kura nama ne har rami. Motocin hannu daga Turai a tasharmu suke sauka kafin su kama hanyar Injamena da Bangi, yaranmu da yawa sana'arsu ke nan, kayan gyara kuma ga su jibge a Camp Yabassi. Wanda ya wuni yana taɓa sitiyari iri-iri, ba abin mamaki ba ne wata rana zuciyarsa ta ce masa, "Taka mu ji."

Ba zan ce son gudu sabon abu ne ko aikin 'yan iska ba. Bahaushe ya san sukuwa tun kafin ya san mota. A Kano har yau akwai wurin da ake kira Filin Sukuwa, wanda kuma ya taɓa ganin hawan salla a Garwa ko Marwa ya san yadda mahayi ke sakin linzami. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tseren dawaki a Madina, shi da kansa ma ya yi tsere da ƙafa da Nana A'isha. A lura fa: da matarsa ya yi, ba guje mata ya yi ba. Tseren mota ma ƙasar Hausa ta gan shi. Gasar Faris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978, ta ratsa Agadas da Yamai tun karon farko, bikin kamun kifi na Argungu shi ma an san shi da tseren motoci. Saboda haka ba asalin wasan nake tuhuma ba. Tambayata ita ce: wa ke biyan kuɗinsa? In aka bi sawu, sai a tarar gida ne ke biya, ta fuska uku.

Ta farko ita ce aljihu. Mu 'yan kasuwa ne, bari mu yi lissafi. Tun watan Fabrairun 2024 litar fetur a Kamaru ta koma sefa 840. A ce Lahadi ɗaya ka ƙona lita 40, sefa 33,600 ke nan. Lahadi huɗu, 134,400. Ba a zo maganar taya ba, alhali mai juya mota yana iya cinye tayoyin baya biyu a yammaci guda. Ba a zo kan birki da kuloci da ladan bakanike ba, balle ranar da injin zai buga. Yanzu ɗauki wannan adadin ka ajiye shi kusa da kuɗin cefanen da kake ba uwargida a wata. In na mota ya rinjayi na tukunya, to malam ba sai an kira alƙali ba, ka riga ka yanke wa kanka hukunci.

Haɗarin ɗan kasuwa ya fi na ma'aikaci a nan. Ma'aikaci in albashi ya ƙare, wasa ya tsaya. Ɗan kasuwa kuwa kullum akwai kuɗi a hannunsa, sai dai yawancinsu ba nasa ba ne: uwar kuɗi ce, ko kuɗin fiton kayan wani, ko kuɗin duwan da aka turo daga Kusiri. Yau a taɓa kaɗan a sayi taya, "gobe zan mayar." Goben nan ita ce ta rufe shaguna da yawa. Mafi muni shi ne a ɗauki motar da aka ba ka amana ka fitar, a ce bari a ɗan gwada ta. Wannan cin amana ne tsagwaronsa, ko da an mayar da ita ba ƙwarzane. Kuma duk mai taƙama da inshora ya buɗe takardarsa ya sa a karanta masa: inshorar mota ta yau da kullum ba ta ɗaukar ɓarnar da aka yi a wajen tsere.

Tsarin da na sani ga mai iyali ɗaya ne. Cefane, haya, kuɗin makaranta da ke jiran ka kowane watan Satumba, ajiyar magani, abin da ake aika wa tsofaffi a gida, bashin mutane. Abin da ya yi saura daga riba, daga riba na ce, shi ne na wasa. Ciyar da iyali wajibi ne, taya ba wajibi ba ce. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Fuska ta biyu ita ce lokaci, kuma nan ne maza suka fi kasa ganewa. Maigida zai ce, "Me na rage ta da shi? Ga shinkafa, ga mai, ga kuɗin anko." Ɗan'uwa, tsaya ka duba rayuwar matar da ka ɗauko daga Katsina ko Maraɗi ka kawo ta New Bell. A gida, in ranta ya ɓaci ta yafa mayafi ta leƙa wajen innarta, ko ƙanwarta ta zo ta taya ta hira. A nan wa take da shi? Ɗaki biyu na haya, maƙwabta da wani yare, ga damina mai dogon zango wadda ruwa kan wuni yana zuba yara na kulle a ɗaka. Kwana shida kana tsakanin tasha da kasuwar Kongo da Mboppi, ka fita tun asuba ka dawo bayan isha'i. Wani lokaci ka bi kaya Arewa ka yi sati biyu. Ranar Lahadi ɗaya tak take sa rai, ita ce kuma ka ɗauka ka kai wa ƙarfe. Asabar da daddare kana gareji, Lahadi kana fili, da ka dawo kuma kana kan waya kana kallon abin da aka ɗauka. Ashe ba ta yi ƙarya ba da ta ce kishiya.

In mata biyu gare ka, abin ya ƙara tsanani, domin duk daren da ka kashe a gareji daren wata ne ka ci. Mu tuna labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salmanu ya tarar ɗan'uwansa ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har matarsa ta daina kula da kanta, ya ja hankalinsa cewa iyali ma suna da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. To, in nafila ba ta zama hujjar tauye haƙƙin mace ba, ina ga hayaƙin taya?

Fuska ta uku ita ce rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ga wani abu da kowane direba ya kamata ya haddace: in ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ci bayan ka taka birki ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. Wato inda mai tafiya 60 ya tsaya cak, mai 120 yana nan yana tafiya da ƙarfin da zai hallaka mutum. Sai ka haɗa wannan da titin Duwala, inda ɗan bensikin zai ɓullo maka ta inda ba ka zata ba, ɗauke da mace da goyo. Ko babbar hanyar Yawunde, da manyan motocin katako da na kwantena ba sa yankewa.

Gasar Dakar da na ambata tana da likitoci da jirage masu saukar ungulu da dokoki, amma duk da haka ta ci rayukan direbobi da na mutanen ƙauyukan da take ratsawa, har da yara. Shi kansa wanda ya ƙirƙiro ta, Thierry Sabine, a cikinta ya rasu a 1986, a haɗarin jirgi a ƙasar Mali. In masu wannan shiri haka ta kasance da su, ina ga mai silifas da bel ɗin da ko ɗaurawa ba ya yi?

Kuma a ce kai ka tsira, wani ka buge. A addini akwai diyya, akwai kaffarar azumin wata biyu a jere. A hukuma kuwa, gidan yarin New Bell a unguwarmu yake, ba sai an yi wa kowa kwatance ba. Wanda ke zaune da takardar baƙunci ya san nasa ya fi na kowa wuya. In kuma kai ne aka ɗauko, mu da muka sha zaman makoki a garin nan mun san abin da ke biyo baya. Lissafin ɗan kasuwa a kansa yake. Masu bin sa bashi za su zo da shaidu tun kafin sadakar bakwai, waɗanda yake bi kuwa sai su yi tsit. A ƙarshe a yi karo-karo a masallaci a sa mace da marayu a mota zuwa Arewa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

To, mene ne abin yi? Wanda zai iya bari, ya bari, ya huta. Wanda kuma abin ya shiga jininsa, ga sharuɗɗan da nake ganin in ya riƙe su zai tsira da gidansa.

Kada ya yi a kan titin jama'a, ko da tsakar dare ne, ko da rakiyar amarya ce. Wasan gaske a killataccen wuri ake yin sa, da izinin hukuma, 'yan kallo can nesa. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ba ta yarda direba ya shiga gasa ba hular kwano, ba ɗamarar kujera ta musamman, ba ƙarafan da ake gindayawa cikin mota don kada ta murƙushe in ta kife, ba abin kashe gobara. Wanda bai da kuɗin waɗannan, bai da kuɗin wasan.

Ya ware motar wasa daban. Motar da ke kai yara makaranta da mai ciki asibiti ba ta shiga fili. Ya yanke adadin da zai kashe a wata, uwargida ta san shi, in ya ƙare ya ƙare. Ya raba ranakun hutu da gaskiya: in ya ɗauki Lahadi ɗaya, sauran na gida ne, a kai su ziyarar 'yan'uwa a Bonaberi, ko a zauna a ci abinci kwano ɗaya da yara. Matarsa na da tsohon ciki, ko yaro ba lafiya, ko azumi ya kama, a rufe mota da tamfol. Kada a sa kuɗi a ce wanda ya riga ya kwashe, wannan caca ce ko da wane suna aka kira ta. Sannan ya rubuta bashinsa, wanda yake bi da wanda ake bin sa, ya nuna wa matarsa inda littafin yake. Wannan na ƙarshen ma ya hau kan kowane ɗayanmu, mai tsere da marar tsere.

Yara kuma a kiyaye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da ya ga ana yi wa babansa tafi saboda ya tayar da ƙura, ranar da ya samu makulli ba zai tambayi kowa ba. Lasisin tuƙin mota sai an kai shekara 18, kafin nan makulli ya zauna a aljihunka. Kuma kada a ɗora yaro a kujerar gaba a ce ana koya masa jarumta.

Uwargida, ke ma ga taki. Kada ki ce masa "ko ni ko motar nan." Namiji in aka tsare shi a lungu a gaban abokansa, sau da yawa girman kai ke amsawa, ba hankali ba. Ki sani mutumin da ya wuni yana fama da layin tasha da masu bashi yana bukatar abin da zai sauke gajiya. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki kawo masa lissafi, ba gori ba: ga abin da gida ke ci, ga ranar da muke so, ga abin da nake tsoro. Amma akwai alamomin da ba a yi musu shiru. In ya fara ɓoye miki abin da ya kashe, in ya fara cin bashi don gyara, in ya miƙa hannu ga sarƙarki ko kuɗin adashinki, in salla ta fara wucewa yana fili, to maganar ta fi ƙarfin ɗaki. Ki sanar da wanda yake jin nauyi, yayansa ko ubangidansa a kasuwa ko limamin unguwa. Wannan ba tonon asiri ba ne, ceto ne.

Mu dattawa kuma kada mu tsaya ga "Allah ya shirya" kawai. Wanda ya ba yaro jari yana da bakin tambayarsa inda riba ke tafiya. Kira shi gefe, kada a tsakiyar kasuwa, ka buɗe masa littafi ku duba tare.

Dukkanmu abin da ya raba mu da garuruwanmu ya kawo mu bakin ruwan Wuri shi ne neman rufin asirin iyali. Mota in ta mutu akwai irinta a Camp Yabassi, in babu ma jirgi na gaba zai sauke. Uban yara kuwa ba a yin odarsa.

Allah ya tsare mu da tsautsayi, ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.