Ɗan kwangila, me ya sa kake ɓoye sunanka?

Jama'a, duk mai bin sanarwar ba da kwangila a jaridu, ko mai tsayawa ya karanta allunan da ake kafawa a bakin ayyukan gwamnati, ya san abin da zan yi magana a kai. Kamfanonin da ke cin kwangila a jihohinmu yanzu sunayensu kamar uwa ɗaya ta haife su: Wane Global Resources, Wane Integrated Services, Wane Multi-Concept, Wane Synergy International. Ka karanta sunan daga farko har ƙarshe ba za ka san mai shi ba, ba za ka san sana'arsa ba. Magini ne? Mai haƙa rijiyar burtsatse ne? Oho! A ganina da yawan waɗannan sunaye an zaɓe su ne don su ɓoye masu su, su kuma matasan da ke shigowa harkar da zuciya ɗaya suna kwaikwayo ba tare da sun san asalin abin ba.

Tun da marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni a watan Agustan 2020, buɗe kamfani ya yi sauƙi. A da sai mutum biyu, yanzu mutum ɗaya tal zai iya yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar CAC, da jarin da bai gaza naira 100,000 ba a rubuce. Wannan ci gaba ne, ba na jayayya. Amma dubi yadda ake raɗa sunan. Yaro ya gama digiri a fannin gini, ya je shagon kwamfuta wurin ejan, ejan ya ce masa, "Malam, kawo harufan farko na sunanka mu ƙara Global da Ventures, shi ne yake wucewa da sauri." Cikin minti biyar an gama. Mu da muke kwana bakwai ana shawara kafin a raɗa wa jariri suna, har da rago da goro, sai ga shi kamfanin da mutum yake fatan ya ci da iyalinsa shekara 30, mai shagon kwamfuta ne ke raɗa masa suna.

Alhali a idon doka kamfanin da ke da Limited a ƙarshen sunansa mutum ne mai zaman kansa. Shi ke sa hannu a yarjejeniya, shi ake bin bashi, shi ake kai wa kotu. Ma'anar Limited ɗin ma ita ce asarar masu hannun jari tana da iyaka: in kamfani ya karye, dukiyar kamfani ake bi, gidan mai shi yana nan. To, gata ne babba doka ta yi wa ɗan kasuwa. Wanda aka yi wa wannan gatan, mafi ƙarancin abin da jama'a ke binsa shi ne su san ko shi waye.

Ku dubi kamfanonin da suka daɗe suna aiki a ƙasar nan. Julius Berger sunan mutum ne, Bajamushe, kuma da wannan sunan kamfanin ya shigo Najeriya a 1965 ya gina gadar Eko a Legas. Cappa da D'Alberto Italiyawa ne guda biyu da suka haɗa sunayensu a 1932, har yau sunan yana nan. A gida kuma ga Dantata & Sawoe, ga Alhassan Dantata & Sons, ga Isyaku Rabiu & Sons, ga Dangote. Waɗannan mutanen sun ɗora sunan gidansu a kan aikinsu. In aiki ya lalace, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma ɗansu zai ji maganar a masallaci da wurin ɗaurin aure. Bahaushe ya ce suna linzami ne, kuma linzamin ke nan: tsoron kada a zubar da mutuncin gida.

Shi kuwa mai Global Integrated babu linzami a bakinsa. Mu da ke aikin ofis muna ganin yadda abin yake tafiya. Za a buɗe takardun neman kwangila, kamfani uku sun nema, sunaye daban-daban, kowanne ya fi wani kumbura. Ka duba da kyau sai ka tarar adireshi ɗaya ne, lambar waya ɗaya, kuskuren rubutu ma iri ɗaya. Mutum ɗaya ne yake takara da kansa. Ya ci, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya aza tubali ya kai taga, ya ɓace. Mutanen ƙauye su zo neman wanda ya bar musu asibiti ba rufi, a nuna musu allo mai Turancin da ko hakimi bai san mai shi ba. Baɗi mutumin ya dawo da sabon kamfani, sabon suna, tsaf kamar bai taɓa laifi ba.

Kuma doka ba ta yi shiru ba. Dokar sayen kayayyaki da ba da kwangila ta tarayya ta 2007 ta haramta haɗa baki wajen takara da kuma tsinka kwangila gida-gida don kauce wa ƙa'ida. Kamfanin da kotu ta kama ana hana shi kwangilar gwamnati aƙalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin. Amma hukuncin hana kwangila a kan suna yake sauka. Wanda ke da suna biyar a aljihu, me ya dame shi don an toshe ɗaya?

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, wai suna ba ya gini, aiki ne ke gini. Gaskiya ne. Amma ku karanta sharuɗɗan neman kwangilar tarayya: takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardar PenCom, ta ITF, ta NSITF, rajista da BPP, da shaidar ayyuka irin wannan da ka taɓa yi. Dukkansu da sunan kamfani ake bayarwa. Ashe sunan shi ne rumbun da kake tara tarihinka a ciki. Mai niyyar daɗewa yana son sunan da za a tuna, mai niyyar gudu shi ke neman wanda za a manta.

Na biyu, wai sunan Hausa ba ya cin kwangila a Abuja. To Dantata da Dangote Turanci ne? Kayan aro ba ya rufe katara. In aikinka ba shi da kyau, International ba za ta cece ka ba, musamman in duk ofishin naka tebur ɗaya ne a bayan shagon ɗan'uwanka. Dokar ma ta ba CAC ikon ƙin sunan da zai yaudari mutane game da irin aikin kamfani ko girmansa. Ina ma hukumar tana amfani da ikon nan yadda ya kamata.

Na uku, kuma wannan ita ce hujjar da nake girmamawa: tsaro. A zamanin garkuwa da mutane, wani yana tsoron a ga sunansa a allon aikin miliyoyi a Zamfara ko Katsina. Wannan tsoro ne na gaske. To kada ka sa sunanka, amma ka sa sana'arka da garinka, yadda za a san kai mai haƙa rijiya ne ko mai aikin lantarki, kuma ka riƙe sunan nan guda ɗaya. Ɓoye kai daga ɗan bindiga daban, ɓoye kai daga mutanen da ka ci kuɗin asibitinsu daban.

Ƙanina da kake shirin yin rajista, ga shawarata. Ka zaɓi gajeren suna wanda mahaifiyarka za ta iya faɗa, leburanka ya iya faɗa, ma'aikacin banki ya rubuta ba kuskure. Ka fara bincika shafin CAC ka ga ko wani ya riga ka, domin ba a karɓar sunan da ya yi kama da na wani kamfani ko tambarin kasuwancin wani. Kalmomi irin su Federal, National, State, Government, Group da Holding sai da izini na musamman, kada ejan ya ruɗe ka. Kada ka jingina sunan da gwamna mai ci ko taken jam'iyya, mulki shekara huɗu ne ko takwas. In kuma ka sa Amana ko Gaskiya a sunan, ka sani ka ɗauko kaya, za a tambaye ka a nan da can. Sauya suna daga baya yana yiwuwa, amma sai ka bi banki da ofishin haraji da duk takardunka ɗaya bayan ɗaya.

Sai abokan aikina ma'aikatan gwamnati. Kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikaci gudanar da kasuwanci mai zaman kansa in ba noma ba. Amma kowa ya san kamfanonin da aka haɗa sunansu da harufan uwargida da na 'ya'ya, darakta ɗaya ɗalibi, ɗayan direban gida, mai kamfanin na ainihi kuma yana zaune a kwamitin da ke ba da aikin. Ku sani ramin ƙarya ƙurarre ne. Dokar 2020 ta wajabta bayyana duk mai kashi 5 cikin 100 ko fiye a kamfani, da duk mai juya shi ta bayan fage, kuma tun 2023 aka buɗe rajistar ga jama'a.

Don haka in kun ga aikin da aka yasar a unguwarku, ku ɗauki hoton allon, ku shiga shafin CAC ku sa sunan, ku ga su waye a bayansa. Ku kawo mana nan mu gani tare. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.