Kada a Jinginar da Gona Saboda Gwajin Ƙwallo

Ranar Asabar da ta wuce na je ɗaurin aure Tudun Wada. Bayan an shafa fatiha ana ta gaishe-gaishe, wani dattijo da muka daɗe da sanin juna ya kamo hannuna ya ja ni gindin dalbejiya. Ya ce, "Malam, shawara nake nema, ko da yake kusan na gama yanke hukunci." Ɗansa ne mai shekara 16, yana aji biyu a babbar sakandare. Wani baƙo ya gan shi yana taka leda a gasar hutun makaranta, ya biyo shi har gida, ya ce yaron nan bai kamata ya ruɓe a ƙauye ba, zai kai shi gwaji Turai. Abin da ake buƙata kawai kuɗin fasfo da biza da jirgi. Dattijon ya ce zai jinginar da fadamarsa, wadda shinkafarta ce ke riƙe da gidan daga kaka zuwa kaka.

Na ce, "Baba, ina takardar gayyatar?" Ya zaro waya daga aljihun gaba, ya nuna mini hoton wata wasiƙa da aka turo ta WhatsApp, da tambarin wata ƙungiya a samanta. Ba ta da lambar da za a kira, ba ta da sunan wanda zai tarbi yaron a filin jirgi. Ya riƙe wayar da hannu biyu kamar wanda ya riƙo takardar gado. Tun daga ranar raina yake a ɓace, kuma abin da na tarar a hanyar komawa gida ya ƙara dagula mini lissafi.

Da muka tsaya a Kwanar Ɗangora direba zai ƙara fasinja, sai na ji an ce, "Malam, barka da hanya!" Na waiga na ga wani magidanci a kan acaɓa, fuskarsa ta sha ƙura. Sai da ya cire hular sanyi na gane shi. Ɗalibina ne a shekarun da nake koyarwa a wajen Kiru, kuma ban taɓa ganin yaro mai ƙafar hagu irin tasa ba. In ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, mata masu dawowa daga rijiya sai sun sauke tulu sun kalla. Mutane kan hau bayan a-kori-kura tun daga Bebeji don su ga wasansa. Yara sun daina kiran sunansa na yanka, Okocha kawai ake ce masa. Yana aji uku wani koci ya ɗauke shi zuwa birni, ya yi wa mahaifinsa alkawarin cewa karatu zai ci gaba a can. Ni da bakina na roƙi mahaifin ya bari yaron ya rubuta jarrabawar fita tukuna, ya ce mini dama ba ta jira.

Ya sauko daga babur ya durƙusa ya gaishe ni, kuma a yadda ya miƙe na ga gwiwar dama ba ta lanƙwasuwa sosai. Na tambaye shi, ya ce, "Malam, ita ce ta kore ni daga ƙwallo." Shekara huɗu ya yi yana yawo tsakanin ƙananan ƙungiyoyi, yana kwana a ɗaki ɗaya da mutum takwas, albashi wata a biya wata uku a ce a yi haƙuri. Rana ɗaya a wajen atisaye aka yi masa ƙeta, jijiyar gwiwa ta tsinke. Ƙungiyar ta ba shi kuɗin mota ta ce ya je gida ya huta. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, to amma ɗori na ƙashi ne, tsinkewar jijiya sai tiyata, kuɗin tiyata kuwa babu. Ya dawo gida yana da shekara 21, ba takardar sakandare, ba sana'a, gonar ma ya manta yadda ake riƙe fartanya. Babur ɗin da yake kai na wani ne, kullum yamma sai ya kai balas. Ya ce har yanzu jesinsa na nan a ƙasan akwati, ya hana matarsa ta yi tsumma da ita. Da mota za ta tashi ya ce, "Malam, da na ji maganarka." Ban iya ba shi amsa ba har muka wuce.

Wani zai ce ai wannan ɗan ƙauye ne da bai kai ko'ina ba. To mu ɗauko waɗanda suka kai ƙololuwa. Babu ƙasar da ta kai Najeriya cin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17. Sau biyar muka ɗauko shi: 1985 a Sin, 1993 a Japan, 2007 a Koriya ta Kudu, 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, 2015 a Chile. A gasannin baya-bayan nan kowace tawaga yara 21 ce, zaɓaɓɓu daga dubban da aka tankaɗe aka rairaye. Mai karatu ya zauna ya lissafa nawa ne yake iya tuna sunansu yau.

A 2007 Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, guda bakwai. Hamburg ta Jamus ta ɗauke shi, bai samu gurbi ba, ya shiga yawon aro daga wannan ƙungiya zuwa waccan. A tawagar akwai namu, Rabi'u Ibrahim, wanda jaridu suka naɗa wa sarautar magajin Okocha. Ya je Sporting ta Fotugal, ya je PSV, ya je Celtic, duk bai zauna ba, sai a Sulobakiya ya samu natsuwa ya ci kofuna da Slovan Bratislava. Ya ci abincinsa da gumin ƙafarsa, Allah ya ƙara rufa asiri, amma kowa ya san ba nan aka yi masa hasashe ba. Kelechi Nwakali shi ne gwarzon gasar 2015, Arsenal ta saye shi, har ya bar ta bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba, alhali abokin wasansa Victor Osimhen, mai ƙwallo goma a waccan gasa, ya zama gwarzon Afirka a 2023. Tawaga ɗaya, koci ɗaya, kofi ɗaya, rabo daban.

Wadda ta fi yi mini ciwo ita ce ta 2009, domin a gidanmu aka yi. Mutanen Kano ba su manta ba, a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yaran Sifaniya suka buga wasannin rukuninsu. A cikinsu akwai Isco da Koke da Morata. Yaranmu suka lallasa su da ci 3 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, kafin Suwizalan ta doke mu da ci ɗaya mai ban haushi a Abuja. Gwarzon gasar namu ne, Sani Emmanuel. Bayan nan Isco ya tara kofunan Zakarun Turai da Real Madrid, Koke ya zama kyaftin ɗin Atletico, Morata ya ɗaga kofin ƙasashen Turai a 2024. Sani Emmanuel ya je Lazio, bai taɓa buga mata wasan Serie A ba, kuma da wuri aka daina jin ɗuriyarsa. Cikin sauran, Omeruo da Onazi sun ci kofin Afirka a 2013. Ƙarshen Sani ke nan, wanda ya zama gwarzon duniya yana matashi. To ina ga yaron da bai taɓa buga ko gasar kofin Ramat a Kano ba? Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Masu bin wannan shafi sun san ba na wuce maganar rage shekaru ban tsaya ba, kuma yau ma sai na tsaya. Tun 2009 FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru, amma har gobe abu na farko da dillalan nan ke gaya wa yaro shi ne a je a yi sabuwar takardar rantsuwa a zabtare shekara uku ko huɗu. Uba yana ji yana gani a canja ranar da aka haifi ɗansa, a raba sunan da ke fasfo da wanda ke takardar firamare. Ranar da ƙwallo ta ƙi, yaron ya dawo da takardun da ba su san juna ba, ko aikin ɗamara ya nema sai an kama shi da ƙarya. An koya masa ha'inci tun kafin ya ci sisin kwabo, sannan a ce ana nema masa albarka. Albarka ba ta shiga inda aka fara da rantsuwar ƙarya.

Haka kuma maganar filayen makarantu, wadda na yi ta har wasu suka ce na cika naci. A zamaninmu kowace firamare tana da fili, kowace sakandare tana da malamin wasanni, ana gasar gidaje, ana gasar makarantu. Yaro yana buga ƙwallo ƙarƙashin idon malaminsa, in ya faɗi jarrabawa a ajiye shi a benci. Yau an yanka filaye an yi shaguna, an bar yara a hannun duk wanda ya sayi usur da ƙwallo biyu ya kira kansa mai makarantar horar da 'yan wasa. Wanda ya sayar da filin makaranta shi ya miƙa yaran nan ga dillalai, kuma sai ya amsa tambaya a gaban Allah.

Mu leƙa Kanada mu ga yadda masu hankali suke yi. Su wasan da suka ɗauka kamar yadda muka ɗauki tamaula shi ne ƙwallon gora ta kan ƙanƙara. Suna da manyan gasannin matasa guda uku, na 'yan shekara 16 zuwa 20, kuma burin kowane yaro shi ne ya shiga babbar gasar NHL. Amma ƙungiyoyin NHL 32 ne, zaɓen sabbin 'yan wasa kuma zagaye bakwai ne a shekara, wato gurbi 224 ga matasan duniya baki ɗaya, cikin waɗanda aka zaɓa ɗin ma da yawa ba sa zama. Da suka san haka sai suka yi tanadi. Yaron da ya bar garinsu ana sauke shi a gidan wasu iyali su riƙe shi kamar ɗansu, yana zuwa makaranta. A gasar yammacin ƙasar, duk kakar wasa ɗaya da yaro ya buga, an ajiye masa kuɗin karatun shekara ɗaya a jami'a ko makarantar koyon sana'a. In ya zama ƙwararre, madalla. In bai zama ba, ya ɗauki littafinsa ya koma aji. Sun fi mu kuɗi, na yarda, amma abin da suka fi mu da shi a nan tunani ne: sun shirya wa masu yawa da ba za su kai ba, mu kuwa muna shirya biki ne don mutum ɗaya da ya kai.

Za a ce mini ga Ahmed Musa. Ina ƙaunarsa kamar kowane ɗan Sai Masu Gida, wato mai goyon bayan Kano Pillars, amma a duba hanyar da ya bi. A gida ya fara, ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya da Kano Pillars, duk Najeriya ta shaida, sannan ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta zo da kuɗinta ta saye shi a 2010, shi ma sai da aka jira ya cika 18. Ba a jinginar da gonar kowa ba. Dokar FIFA ta hana ƙungiyar wata ƙasa ta ɗauki yaron da bai kai 18 ba, in ban da 'yan togaciya kamar iyayensa su ƙaura can don wani dalili na daban. Kuma ƙungiyar kirki da ke son yaro ita ke biyan jirgi da masauki. Duk wanda ya ce uba ya kawo kuɗi, to kuɗin yake so. Irin waɗannan tafiye-tafiye ne ke ƙarewa da yaro a ɗakin otal a baƙuwar ƙasa, biza ta ƙare, wayar dillali a kashe, kunya ta hana shi kiran gida. Wannan fataucin 'ya'yan mutane ne, kuma duk mai unguwa ko malamin makaranta da ya yi wa irin waɗannan mutane jagora zuwa gidan talaka don a ba shi na goro, abokin ɓarawo ne.

Ba ina cewa a hana yara ƙwallo ba. Yaran Doguwa da suke tashi suna hawa da sauka a duwatsun Riruwai, da na bakin Tiga da suke gudu a yashi, Allah ya ba su ƙarfi da numfashin da ɗan birni ba shi da shi. A bar su su buga. Abin da nake nema kaɗan ne. Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su dawo da gasar makarantu, su kare filayen da suka rage. Kowace ƙungiya ta yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ta yi wa yaranta rajista, domin ƙa'idar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma mai takarda ne kaɗai ke iya karɓa. Sannan duk mai horar da yara a sa masa sharaɗi: yaron da ba ya zuwa aji ko wajen koyon sana'a, ba ya saka jesi. 'Yan siyasar da ke raba kofi da jesi mai hotonsu gab da zaɓe su sa kuɗin jarrabawar yaran a cikin kyautar.

Kai kuma Baba, na san ana karanta maka wannan shafi, shi ya sa na mayar da maganar nan. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Fadamar nan ita ta ciyar da kai, ita za ta ciyar da yaron da ƙannensa in ƙwallo ta ƙi. Bar shi ya gama makaranta, ya buga a gida inda ido ke ganinsa. In Allah ya rubuta zai ci abinci da ƙafarsa, masu nema za su zo har Tudun Wada da kuɗinsu a hannu. Don Allah kada ka sa hannu a takardar jinginar nan.