Titin Legas Zuwa Kalaba: Wa Zai Ciyar Da Matafiyi?

Duk jami'in da aiki ya taɓa kai shi Cape Town ya san yadda ake rufe taro a can. Ranar ƙarshe akan ɗebi baƙi a mota zuwa gonakin inabi na Stellenbosch, a jera musu ƙananan kofuna su ɗanɗana giya iri-iri. Mai sauran kwanaki kuma yakan kama titin N2 zuwa Mossel Bay da Knysna, yana tafe yana tsayawa cin gasasshen kifi a bakin teku. Da yawa daga cikin wakilan Nijeriya ba sa shan giya, don haka sukan zauna gefe da ruwan inabi zalla, su ɗauki fitar a matsayin abin da bai shafe su ba. Alhali ta shafe su ƙwarai.

An fara matse inabi a yankin tun 1659, amma sai a 1971 ne wasu manoma uku na Stellenbosch suka haɗa kai, suka buɗe ƙofofin gonakinsu ga mai wucewa, suka kafa alamu a bakin hanya. Daga nan gidajen abinci da masaukai suka biyo baya. Kuɗin yawon buɗe ido a wuraren tsayawa yake zuba, kwalta kai mutum kawai take yi.

Sai dai tarihin yana da ɗaci. Shekaru aru-aru ana biyan leburorin gonakin wani kaso na ladansu da giya. An haramta tsarin a 1960, amma bai gushe ba sai shekaru da dama bayan haka, kuma har yau mafi yawan gonakin ba a hannun jikokin waɗannan leburori suke ba. Baƙo yakan yaba abinci, ya biya, ya wuce, ba tare da ya tambayi mai ƙasar ba.

Wannan ce tambayar da ke jiran titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700, wanda aka fara a 2024. Muhawara ta tsaya kan kuɗin kwangila da rusau da diyya, kuma ta cancanta. Ba a cika jin batun wanda zai mallaki wuraren yada zango ba. Abin sayarwa kuwa akwai shi: miyar banga a Delta, gasasshiyar ayaba da kifi a Fatakwal, afang da edikang ikong a Akwa Ibom da Kuros Riba, ga bammi ga masu shan sa. Matan da ke dafa waɗannan ba su san ƙofar ma'aikata ba, balle su nemi fili.

Idan aka bar rabon filayen bakin titin ga masu uwa a gindin murhu, gidajen mai da kantunan soyayyar kaza za a samu, irin waɗanda ke kowace babbar hanya, motoci kuma su wuce ƙauyukan masunta a guje. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filaye a hannun gwamnoni, amma zanen titin da wuraren ratsewa daga Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya suke fitowa. A teburin wani darakta ko mataimakin minista za a yanke ko za a ware rumfuna ga ƙungiyoyin masunta da mata masu girki, kuma gyara zane ya fi sauƙi kafin a zuba kankare.