Ƙarfin bugu daga ƙafa yake tasowa, ba daga damtse ba

Duk wanda ke leƙa TikTok ya san yayin: samari a wajen ɗaga ƙarfe, kowa na nuna ƙirji da damtse. Ƙafa kuwa? An bar ta kamar sillen kara. Ni dai a ganina wannan gini ne ba tushe, kuma wasan golf ne ya ƙara tabbatar min.

Na san za a ce wasan masu kuɗi ne. To, ko a nan Jigawa muna da filinsa a Dutse, wanda marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi ya assasa. Ku kalli yadda ɗan wasa na-dama ke bugu. Idan ya ɗaga sanda baya, nauyinsa na kan ƙafar dama. Kafin sandar ta fara saukowa, ya riga ya mayar da nauyin kan ƙafar hagu, ya danna ƙasa da ƙarfi. Wannan dannawar ce ke juya ƙugu, ƙugu ya ja ƙirji, ƙirji ya ja hannuwa. Sanda ce ke zuwa ƙarshe, kamar bakin bulala. Rory McIlroy ba wani ƙato ba ne, amma a kakar 2023 matsakaicin bugunsa na farko ya kai kusan mita 300.

Abin dariyar, mu 'yan Auyo mun taso muna ganin haka ba mu lura ba. Je ka bakin kogin Haɗeja ka kalli masunci zai jefa birgi: sai ya kafa ƙafa, ya murɗa ƙugu baya, sannan ya saki. Da hannu kaɗai, ragar ba za ta buɗe ba. Ɗan dambe ma haka, daga ƙafar baya naushin ke tasowa.

Kuma ƙafar na shan wuya. Tiger Woods ya ci gasar US Open ta 2008 da tsinkakkiyar jijiya a gwiwar hagu, ƙafar da ke karɓar nauyin kowane bugu, bayan nan sai da aka yi masa tiyata. Wannan fa ƙwararre ne mai likitoci. Kai da ke sungumar buhun shinkafa a fadama da ƙarfin baya kawai, ba ka lanƙwasa gwiwa, wa zai duba maka in bayan ya riƙe?

Don Allah gobe in ka je atisaye, fara da tsugunne-tashi kafin ka kunna kyamara.