Wankin Kejin Zomo Da Tantabara: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

FILIN KIWO A GIDA, daga Kazaure

A makon jiya mun yi maganar abincin zomo. Yau kuma za mu shiga aikin da kowa ke gudu, wato sharar keji da wanke shi.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san yadda abin yake. Ranar da aka sayo zomo kowa a gidan yana son ya ɗauka, amma ranar da keji ya fara wari sai ka nemi masoyan ka rasa. Daga nan sai Umma ta kafa doka, ko a gyara wurin ko zomo ya shiga tukunya. Da yawa daga cikinmu a nan Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, da kuɗin tara da na barka da sallah muka haɗa jarin nan. Wasu ma da 'ya'yan zomo da na tantabara suke sayen littafi da biyan kuɗin jarrabawa. Saboda haka ƙazantar keji tana iya cinye jarinka, tana kuma iya kwantar da kai ko ƙannenka. Wanki na ganganci shi ma yana iya yin wannan ɓarnar.

Me ke cikin kejin?

Warin nan mai hawa kai da ke sa ido hawaye, iskar amoniya ce da ke tashi daga fitsari idan ya kwana. Kai kana tsaye ne ka ji ta, shi kuwa zomo hancinsa yana dab da ita dare da rana. Tana ƙona masa hanyar numfashi, daga nan sai atishawa da majina su biyo baya. Ga gwaji mai sauƙi: durƙusa ka kai hancinka daidai inda hancin zomon yake. In idonka ya yi yaji, to ka makara da shara.

A cikin kashi kuma akwai ƙwayoyin cutar da likitocin dabbobi ke kira koksidiyosis. Ita ce ke sa 'ya'yan zomo da aka yaye su yi zawo, cikinsu ya kumbura, su mutu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, ƙwayayen da suka fito cikin kashi ba sa iya kama wani zomo nan take. Sai sun yi kwana ɗaya ko biyu zuwa sama a wuri mai laima kafin su nuna. Ke nan wanda ke kwashe kashi kullum ya riga ya yanke wa cutar hanya ba tare da ya sayi magani ba.

Kafin ka taɓa tsintsiya

Ka ware wa keji kayansa: bokiti, buroshi, tsintsiya da ɗan shebur. Kada ka ɗauki soson wanke-wanke ko bahon wankan yara, kuma kada kayan keji su koma madafi. Ka sa safar hannu, in babu ka zura hannunka cikin leda mai kauri. Ka ɗaura takunkumi ko ƙyalle a hanci. In kana da ciwo ko yanka a hannu, rufe shi tukuna.

Sai ka fitar da dabbar. A nan ne da yawa ke kuskure, domin mun taso muna ganin ana ɗaga zomo da kunne. Kunnen zomo cike yake da jijiyoyin jini, da shi yake rage zafin jikinsa, ba mariƙi ba ne. Ka sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗayan ya tallafe ƙugunsa, ka manna shi a jikinka. Zomon da ke reto yana harbin iska yana iya karya ƙashin bayansa da kansa. Ka ajiye shi cikin kwando ko kwali mai huji, a inuwa, da ruwan sha, inda kyanwa ba za ta kai gare shi ba. Zomo yana fara wahala da zarar zafi ya haura digiri 30, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu muna kaiwa 40. Saboda haka wankin bazara da sassafe ake yin sa.

Aikin kullum

Minti goma ya isa. Kwashe kashi, cire shimfiɗar da ta jiƙe, ko buntun shinkafa ce ko busasshiyar ciyawa, ka zuba sabuwa. Zubar da ragowar ganye da dusar da aka jiƙa, domin suna tsami kuma suna kiran ƙuda. Wanke kwanon ruwa da na abinci da sabulu, ka ɗauraye sosai. Da damina ka ƙara sa ido, domin ƙuda na iya yin ƙwai a gindin zomon da ya ɓaci da zawo, tsutsotsi su shiga fatarsa cikin kwana guda.

In ka ga zomo ya lanƙwasa yana cin wani kashi mai laushi kai tsaye daga jikinsa, kada ka hana shi. Halittarsa ce, ta haka yake samun wasu sinadaran gina jiki da bai samu ba a narkewar farko.

Wankin mako

Asabar ko Lahadi, lokacin da babu makaranta, sai a yi babban wanki. Ga yadda za ka bi shi:

Na farko, yayyafa ruwa a kan busasshen kashi da ƙura kafin ka share. Kada ka taɓa yin shara a bushe.

Na biyu, kankare duk abin da ya manne, ka goge da ruwan sabulu ko omo. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a kan datti, don haka wanda ya tsallake wannan mataki ya yi asarar kuɗinsa.

Na uku, ka ɗauraye da ruwa mai yawa.

Na huɗu, in kana da bilic irin su Hypo ko Jik, auna gwangwanin madara 1 na bilic ka zuba cikin gwangwani 9 na ruwa. Jiƙa kejin da shi, ka bar shi minti 10, sannan ka sake ɗaurayewa har warin ya tafi. In ka bar shi a jikin waya zai sa ta yi tsatsa. Ka haɗa daidai wanda za ka yi amfani da shi a ranar, domin haɗin da ya kwana ƙarfinsa ya ragu.

Na biyar, shanya kejin a rana ya bushe ƙarau kafin ka mayar da dabbar.

Sai dai bilic ba ya yi wa ƙwayayen koksidiyosis wani abin kirki. Su zafi suke tsoro. In an taɓa yin zawo a kejinka, bayan ka goge sai ka kwarara tafasasshen ruwa a kan wayar ƙasa da kusurwoyi. Ka nemi babba ya taya ka ɗaukar tukunyar, a kuma kori yara daga wurin.

Farin dattin nan mai kama da alli da ke daskarewa inda zomo ke fitsari, sinadarin kalsiyam ne da jikinsa ke fitarwa. Sabulu ba ya cire shi. Zuba masa ruwan khal ko ruwan lemon tsami, ka ɗan jira, za ka ga yana kumfa yana narkewa.

In zomanya ta haihu, ka bar akwatin 'ya'yan. Tana ɗaukar ciki kimanin kwana 31, 'ya'yan suna zuwa tsirara idonsu a rufe, sai wajen kwana 10 suke buɗe shi. Gashin da ta tsige daga jikinta ta rufe su da shi ne bargonsu. Ka cire abin da ya jiƙe ko wanda ya mutu kawai, wanki kuwa sai sun fara fitowa da kansu.

Abubuwan da ba a haɗawa

Wannan sashen ka karanta shi sau biyu. Kada ka haɗa bilic da ruwan khal ko lemon tsami ko ruwan wankin masai mai asid. Haɗin yana fitar da iskar kulorin, wadda ke ƙona ido da huhu. Kada kuma ka zuba bilic kai tsaye a kan fitsarin da ya taru, domin idan ya haɗu da amoniya wata guba ce ke tashi. Shi ya sa ɗauraya take zuwa kafin bilic. In za ka yi amfani da khal da bilic a rana ɗaya, ka ɗauraye sosai a tsakaninsu. A fili ake wannan aiki, ba a cikin ɗaki ba. In ka shaƙi wani abu ka ji ƙirjinka ya ɗaure, fita iska nan da nan, ka faɗa wa babba, in bai saki ba a tafi asibiti.

Maganin nan mai ƙarfin wari da ke komawa fari kamar madara idan an zuba shi a ruwa, na masai ne da kwata. Irinsa yana ɗauke da sinadarin finol, mai illa ga ƙananan dabbobi, musamman kyanwa. Zomo kuwa yana gwaguyar katako yana lasar ƙafarsa. Haka fiya-fiya da kalanzir, kada su kusanci keji. Sannan kada ka ajiye haɗin bilic a robar lemo, ƙaninka zai ɗauka abin sha ne.

Masu tantabara

Busasshen kashin tantabara yana komawa gari ya bi iska, balle da hunturu. A cikinsa ana samun wani nau'in funfuna da wasu ƙwayoyin cuta masu kama huhun mutum. Don haka dokar yayyafa ruwa da ɗaura takunkumi ta fi ƙarfi a kanku. Mai asma, da mai juna biyu, da wanda ke fama da doguwar jinya, da ƙananan yara, a ɗauke musu wannan aiki. In tsuntsaye suka fara mutuwa farat ɗaya, kada ka taɓa su da hannu tsirara, kada kuma a yanka a ci. Kai rahoto wurin ma'aikatan lafiyar dabbobi. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a watan Fabrairun 2006, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma tun daga lokacin tana dawowa jefi-jefi.

Baƙon da ba ka gayyata ba

Dusar da ta zube a ƙarƙashin keji tana kiran ɓera, ɓera kuma yana jawo maciji. Akwai kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da shi a fitsarinsa da kashinsa, kuma ya fi yaɗuwa da rani. Zomonka ba shi ne ke kawo cutar ba, abincinsa ne ke kawo mai ita. Ka adana dusa da hatsi a bokiti mai murfi, ka ɗaga keji daga ƙasa, ka share ƙarƙashinsa kullum. In ka ga kashin ɓera, jiƙa shi da haɗin bilic ɗin nan kafin ka kwashe.

Amsar tambaya

Wata ɗaliba ta tambayi labarin wata dabba da ta gani a TikTok mai suna degu, ko ɓeran Masar ce. A'a, 'yar'uwa, amma dangi ne na nesa. Degu daga ƙasar Chile take. Shi ma ɓeran Masar ɗin asalinsa tsaunukan Kudancin Amurka ne, wajen ƙasar Peru, sunan kawai Masar ta ci. Masu kiwon degu a Turai suna bin matakan wankin da muka lissafa, da ƙarin abu uku. Ba a kama ta ta wutsiya, domin fatar wutsiyar tana saɓulewa kuma ba ta sake tsirowa. Ba a yi mata wanka da ruwa, a cikin yashi mai laushi take birgima ta tsaftace gashinta. Sannan sukan bar mata ɗan tsohuwar shimfiɗa mai tsafta, don ta ji ƙanshinta ta san gidanta ne. Wannan dabara ta ƙarshe za ki iya gwada ta ga ɓeran Masar ɗinki. Ki kuma shimfiɗa masa katako ko ciyawa, domin waya tsura tana ji masa ciwo a tafin ƙafa.

In ka gama

Ruwan wankin kada ya bi ta kusa da rijiya ko randa. Kashin kuwa taki ne mai kyau, tara shi a rami nesa da ɗaki, ka kai gona ko ka ba masu lambu. Wanke hannunka da sabulu har gwiwar hannu kafin ka ci komai. In ka ga wani zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi a fatarka, ko gashin zomo yana zubewa wuri-wuri, yana iya zama makero, kuma yana tsallakawa daga dabba zuwa mutum. A nuna wa ma'aikacin lafiya.

Ga aikin gida: rubuta jadawalin shara ka liƙa a jikin keji, ka raba ranakun da ƙannenka waɗanda suka yi wayo, amma bilic da tafasasshen ruwa su tsaya a hannunka. Bayan mako biyu ku rubuto ku faɗa mana ko Umma ta janye dokar tukunya. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake gane zomo mai lafiya a kasuwa kafin a biya kuɗi. Na bar ku lafiya.